Ɗakunan Zanzaro a Bayan Ƙyaure

Duk unguwar Koki an san Zaituna da bin diddigi. Mace ce da ba za ta ga rami ta wuce ba ta zura tsinke ba. Mijinta, Malam Hambali magini, ya sha cewa da namiji ce da tuni 'yan doka sun ɗauke ta aiki. Magana ɗaya ce ba ta taɓa bincikawa ba, wadda kakarta ta gaya mata tun tana yarinya: wai zanzaro ba ya haihuwa. Tsutsar wani yake ɗaukowa, ya gina mata ɗaki ya liƙe, ya yi ta mata waƙa har ta rikiɗe ta zama ɗansa.

Zaituna na son maganar nan, kuma da dalili. Shekara goma sha biyu da aure, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Ranar da gari ya rikice, shekara huɗu baya, Adaku mai kawo wa matan unguwa atamfa daga Sabon Gari ta faɗo gidan da jaririya a goye. Kwana uku suka ɓoye ta a ɗakin hatsi. Da za ta bi jirgin ƙasa zuwa Gabas, jaririyar na fama da zazzaɓi, sai ta miƙa wa Zaituna ita ta ce, "Riƙe mini. Zan dawo." Ranar Juma'a ce, suka sa mata Jummai.

Aka yi yaƙi wata talatin. Maƙwabta aka ce musu 'yar ƙanwar Zaituna ce daga Rano, kuma don kada wani mai ido ya ƙura mata, Jummai ba ta taɓa wuce zaure ba.

Yau da safe, damina ta fara sauka, Hambali ya zo da labari. Adaku ta dawo, ta rame kamar kara, tana Sabon Gari. Tsoron shigowa birni take yi, sai ta aiko da tambaya ɗaya: yarinyar na da rai?

"Ka ce ta rasu," in ji Zaituna.

Hambali ya miƙe. "Sai bayan la'asar zan je," ya ce, ya ɗauki kayan aikinsa ya fita.

Ta zauna a bakin ƙofa, zuciyarta a jagule. A nan idonta ya kai kan zanzaron da ya yi mako uku yana gini a bayan ƙyaure. Ya sauka gindin randa inda ƙasa ta jiƙe, ya dunƙula laka kamar ƙwayar gero, ya tashi da ita. Yana shafe yana wannan zuzu nasa, aiki tsaf, har ya fi na Hambali kyau, Allah ya sa bai ji ba. Can ya ɓace, ya dawo ɗauke da koriyar tsutsa, ya tura ta ciki.

To, ta yaya kore ke zama baƙi? Ina ƙugun nan siriri yake fitowa? Shekaru tana jingina da maganar kakarta, yau dai sai ta gani da idonta. Ta zaro tsinke daga tsintsiya.

Ɗakuna biyar ne a jere. Ta fasa sabon. Tsutsotsi huɗu suka zubo a tafin hannunta. Ta taɓa ɗaya, ta ɗan motsa. Ashe da ransu, sai dai ba sa iya tafiya. A saman ɗakin kuma ga wani farin abu, bai kai ƙwayar shinkafa ba, yana lilo a jikin zare. Ƙwai ne. Ashe yana haihuwa.

Ta fasa na tsakiya. Wani farin abu mai ƙiba ya kafa baki a jikin koriyar tsutsa yana tsotsa, rabinta ya yanƙwane. A tsohon ɗakin ba komai sai ɓawo da hudar da ɗan zanzaro ya fita ta ciki.

Babu wadda ta rikiɗe. Abinci aka tara. Kunya ta kama Zaituna, tare da wani tsoro da ba ta taɓa ji ba. Ta juya ta dubi Jummai a tsakar gida, zaune inda aka ce ta zauna tun safe, tana jera duwatsu, ba ta tambayar komai. Yarinya mai shekara huɗu da rabi wadda ba ta san kalar ƙofar gidansu ta waje ba.

Da Hambali ya dawo yin alwala, ya tarar Zaituna ta yi wa Jummai wanka da kitso, ta sa mata kwalli, ita kuwa Zaituna idonta ya yi ja.

"Tare za mu wurin Adaku, har da Jummai," ta ce. "Amma ba ta da takalmi."

"Ko ɗaya?"

"Ina take zuwa da za a saya mata?"

Ta durƙusa, ta kama ƙafar yarinyar, ta ɗora tsinken nan daga diddige zuwa babban yatsa, ta karya daidai tsawon. Ta miƙa masa.

"Ka biya kasuwar Kurmi. Ka ƙara ɗan tsawo kaɗan, Malam. Ban san iya inda za ta da su ba."