Riziki Ya Shigo

Kullum bayan la'asar nake jan mijina mu hau tudun da ke bayan gidanmu a Mkoani, a tsibirin Pemba. Shi mijin nawa, Nahoda Shaame, tsohon matuƙin jirgin ruwa, ya shekara uku ba ya ganin ko tafin hannunsa, amma bakin nan nasa yana nan daram.

"Mwatima, a hankali mana. Akuya kike ja?"

"Da akuya ce ai da tuni mun kai."

Hanyar ba ta da nisa. Mu bi ta gefen masallaci, mu ratsa tabarmin da aka shanya kanumfari, ƙamshi ya bi mu har cikin zane. Daga nan sai bishiyoyi su rufe mu, hasken rana ya riƙa zubowa kaɗan-kaɗan kamar ana tankaɗe. Shi yana ƙirga saiwoyi da ƙafa, ni ina haki. Can sama sai teku ya buɗe gaba ɗaya, ga tashar jiragen ruwa a ƙasa, ga ƙananan tsibirai suna shawagi cikin hazo har ka rasa inda ruwa ya ƙare sama ta fara.

Nan muke zama, ya ce, "To, me kika gani?"

Abu ɗaya yake nufi. Jirginsa, Riziki. Shekara arba'in yana tuƙa shi da iska tsakanin Pemba da garin Tanga. Da idon ya tafi sai ya danƙa wa ƙanensa Kombo, wani malalaci da ko takalminsa bai iya adanawa ba. Kombo ya bar jirgin kwance cikin laka damina biyu, tsutsa ta cinye cikinsa. Wata huɗu da suka wuce aka farfasa shi, mutane suka yi awon gaba da katakan.

Ban faɗa masa ba. Na ga yadda ya yi lokacin da idon ya tafi, wata guda a kwance fuska ga bango, ko kofi ba ya kurɓa. Hawan tudun nan ne ya tashe shi. In ya ji Riziki ya tafi, wallahi na san komawa zai yi ga bangon nan, kuma wannan karon ba zai juyo ba. Tsoro nake ji ƙwarai.

Katako biyu kawai na ceto. Na kai wa Faki kafinta ya haɗa mana benci, aka haura da shi kan tudu. Na ce wa Nahoda tsohuwar ƙofar maƙwabta ce.

Sai na koyi ƙarya, har na ƙware. In ce ga Riziki can ya kewayo bayan tsibiri, iska ta cika ƙyallensa, facin nan ja da na ɗinka da hannuna yana ɗaukar ido. In loda masa kwakwa yau, gobe buhunan shinkafa. Wata rana har kifaye na sa suna tsalle a gabansa. Abin mamaki, ina cikin faɗa sai in fara ganinsa da gaske, fari fat, yana tafe a kan ruwa ba ƙara ba gaggawa. Shi kuma ya jingina, ya lumshe idon da ba ya gani, yana shafa bencin.

Ranar wata Talata hankalina ya tafi wajen tukunyar wake da na bari a wuta. Ya yi tambayarsa, na amsa ba tare da na ko dubi ruwan ba.

"Ga shi nan yana shigowa tasha, kaya har baki."

Ya ɗaga hanci ya shaƙi iska.

"Yanzu?"

"Yanzun nan."

"Haba Mwatima. Ke ba ki jin warin laka? Ruwa ya janye tun azahar. Ba ki jin muryar matan da ke tsintar ƙumba a fili? Ta ina zai shigo da kaya har baki, ko ƙafafu kika yi masa?"

Na duba. Innalillahi! Laka ce shimfiɗe har inda ido ya tsaya, kwale-kwale duk sun kwanta a gefe guda. Ni da aka haifa a bakin ruwan nan, ni na yi wannan kwaɓa. Na fara kame-kame, wai ko wani jirgin ne na gani.

"Kawo hannunki," in ji shi.

Ya kama yatsana ya kai ƙarƙashin bencin, ya ɗora a kan wani ɗan gurbi mai taushi.

"Kin ji? Auduga ce da man kifi. Ni na cusa ta da hannuna a Tanga, shekarar da kika haifi 'yarmu Time. Ƙofar maƙwabta! Tun ranar da na fara zama a kai na san a kan me nake zaune."

Kuka ya ƙwace mini, da haushi a ciki.

"Wata huɗu! Ka bar ni ina zuba kamar mahaukaciya, har da kifaye masu tsalle! Me ya hana ka magana, mugun tsoho?"

"In yi magana ki daina?" Ya share mini fuska da gefen hannun rigarsa, bai ma dace da idon ba, kunnena ya goge. "Shekara arba'in jirgin nan yana yoyo a hannuna, kullum muna kwarfar ruwa. A bakinki ko sau ɗaya bai yi yoyo ba. Ban taɓa jin daɗin tuƙinsa kamar wata huɗun nan ba."

Muka zauna. Waken can ya ƙone, oho. Rana ta yi ƙasa, tsibiran suka koma shuɗi, matan suka kwashe kwandunansu suka nufi gida. Can sai na ga ruwa ya fara dawowa, siriri, yana lallaɓowa ta cikin laka, kwale-kwalen suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya.

Shi ya riga ni ji. Ya gyara zama, ya dafa katakon da hannu biyu.

"Yauwa, ruwa ya kawo. Shigo da shi yanzu, Mwatima. Ki bi ta hagu, akwai dutse a dama."