Kuskuren da Aka Ba Yanni

"A sake! Daga farko," in ji Malam Kuang, yana ƙwanƙwasa tebur da murfin gorar shayinsa.

Karo na bakwai ke nan ajin yana gwajin darasin, saura awa biyu baƙi su iso. Malama Pang ta koma gaban allo ta gyara murmushinta, wanda tun jiya ya fara sa mata ciwon kumatu. Shekararta uku tana koyar da Turanci a wannan sakandare a matsayin malamar wucin gadi. Yau masu duba malamai za su zo daga ofishin ilimi na gunduma su zauna a bayan aji na minti arba'in da biyar. Abin da suka rubuta shi zai sa a tabbatar da ita a aiki, ko a yi mata godiya a ƙarshen zango ta kama gabanta.

Darasin baƙi kuwa a makarantar nan ba a barinsa a hannun sa'a. Malam Kuang, shugaban sashen Turanci, shekara ashirin da shida yana shirya shi, kuma abin alfaharinsa shi ne ba a taɓa yin ko atishawa a gaban baƙi ba sai da ya rubuta ta a takarda. Duk tambayar da aka yi, yara arba'in da takwas za su ɗaga hannu. Wanda ya sani ya ɗaga dama, wanda bai sani ba ya ɗaga hagu, malama ta san inda za ta nuna. Har dariya an ware mata wuri, a minti na tara.

Sai kuma kuskure. A cewarsa, darasin da babu kuskure baƙi ba sa yarda da shi, don haka a minti na sha bakwai wani zai yi tuntuɓe, malama ta gyara masa cikin lallashi, a tafa. Darasin na wakilin suna ne, inda Turanci ke raba *she* da *her*, ya raba *I* da *me*, abin da harshen yaran bai ga dalilin rabawa ba. Kuskuren kuma an ɗora wa Zuo Yanni, doguwar yarinyar da ke zama can baya kusa da tsintsiyoyi. A gudu babu mai kama ta a makarantar, a Turanci kuma babu mai ƙwace mata ta ƙarshe.

"Malam, wai kullum ni ce mai kuskure?" ta tambaya ranar da aka raba aiki.

"Kowa da baiwarsa, yarinya. Ke naki ba sai kin yi bita ba."

Ajin ya kwashe da dariya, ita ma ta ɗan yi. Malama Pang ba ta ji daɗin maganar ba, amma malamin wucin gadi ba ya gyara wa shugaban sashe zance, sai ta sunkuyar da kai tana jera takardu.

Haka aka yi ta yi kwana uku. Yanni ta miƙe ta ce, "*Her gave I a book.*" Malama Pang ta taka har inda take, ta nuna mata wace ce mai bayarwa, wa aka ba, sannan ta faɗi daidai a hankali. Sau bakwai cif, murya ɗaya, taku ɗaya.

Ƙarfe goma baƙi suka shigo, su uku da shugaban makaranta, suka zauna a kan kujerun roba. Babbarsu wata gajeriyar tsohuwa ce, Malama Nie, wadda ake cewa ta kusa ritaya kuma ba ta taɓa yin murmushi a lokacin aiki ba. Malam Kuang ya zauna gaban kwamfuta, shi zai riƙa canza hotuna a allon majigi, agogonsa a ajiye kusa da hannunsa. Monita ta ce a tashi, aka rusuna, aka gaisa.

Komai ya tafi sumul. Hannuwa suka tashi tare, aka yi dariyar minti na tara a kan lokaci. Malama Nie ta rubuta layi ɗaya, ta rufe biro, ta koma kallon bishiyar da ke wajen taga.

Minti na sha bakwai, hoton wata mata tana miƙa littafi ya fito. Malama Pang ta yi kamar tana neman wanda za ta zaɓa.

"To... Zuo Yanni."

Yanni ta miƙe, ta dafa tebur, ta ce da murya tar, "*She gave me a book.*"

Bakin Malama Pang ya riga ya buɗe da "kin yi ƙoƙari, amma", kuma babu sauran wurin da za ta ajiye amman. Maƙwabciyar Yanni ta ja mata riga, ta yi raɗar da har baƙi suka ji: "Ke! Ba shi ba ne, ɗayan za ki faɗa!"

Malam Kuang kuwa ba ya saurare. Ya ji darasin sau bakwai, me zai saurara? Idonsa na kan agogo, lokaci ya yi, ya danna. Sai ga kuskuren ɓaro-ɓaro a allo da manyan baƙaƙe, an soke shi da jan layi, a ƙarƙashinsa an rubuta: "Mu taimaki Yanni."

Malama Nie ta dawo da idonta daga taga. Shugaban makaranta ya shiga nazarin takalminsa.

Kunya ta lulluɓe Malama Pang, ta ji aikin nan ya riga ya fita daga hannunta. Amma da ta dubi bayan aji, sai ta ga Yanni a tsaye tana kallon sunanta a allo, kunnuwanta sun yi ja, ta ƙanƙame gefen tebur kamar wadda aka kama da sata. Yarinya ta faɗi daidai karo na farko a shekara, kuma ga sakamakonta. Abin ya ɓata mata rai fiye da kunyar. Ta taka ta kashe majigin, ta ɗauki alli.

"Yanni, amsarki daidai ce. Allon ne ya yi kuskure. Zauna."

Ta rasa abin da za ta yi da sauran minti ashirin da bakwai, sai ta jefo tambayar da ba a gwada ba: idan namiji ne ya ba su littafin, yaya za a ce? Tarbiyyar Malam Kuang ba ta tashi a banza ba. Hannuwa arba'in da takwas suka tashi lokaci guda, duk na hagu.

"Ikon Allah," in ji Malama Nie daga baya, a hankali. "Aji guda duk bahagwai."

Dariyar da aka yi ba ta cikin takarda. Malama Pang ma sai da ta dafa tebur.

"Ku sauke," ta ce. "Yau wanda bai sani ba ya ajiye hannunsa a cinya."

Ta ɗauki abin goge allo ta miƙa wa yaron da ke gaba, ta ce ya ba wani, ya faɗi da Turanci wa ya ba wa. Abin goge allo ya shiga yawo layi-layi yana tayar da ƙurar alli. Aka yi ta zuba kuskure na gaske, iri-iri, ana gardama, ana hayaniya. Har monita, wadda ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa ba, ta yi tuntuɓe, sai aka ji daga wajen tsintsiyoyi an ce, "Ai *him* ne, ba *he* ba, shi aka ba!" Ƙararrawa ta kaɗa ba a kai rabin abin da aka tsara ba.

A baranda Yanni ta tare ta, kai a ƙasa.

"Malama, ki yi haƙuri. Na manta kuskuren ne. Na rantse na tashi zan faɗe shi, sai na gaskiyar ya riga shi fita. Za su kore ki saboda ni?"

Malama Pang ta kakkaɓe wa yarinyar alli a kafaɗa, ta ce ta je ta ci abinci kafin layi ya yi tsawo.

A ofishin shugaba aka bar Malama Pang a tsaye. Malama Nie ta hura shayinta ta kurɓa.

"Sau nawa kuka gwada?"

"Bakwai, Malama Nie."

"Ragwaye. A zamaninmu goma muke yi." Ta buɗe biro. "Minti sha bakwai na farko na gan su ya fi sau ɗari uku. Sauran ne ban taɓa gani ba."

Ta sa hannu a takardar tabbatarwa. Sannan, tana sa rigar sanyinta, ta ce wannan darasin shi zai wakilci gunduma a gasar birni wata mai zuwa.

Malama Pang ta koma ofishin malamai, so take kawai ta zauna ta kira mahaifiyarta. Ta tarar Malam Kuang ya riga ta, ya cika gorarsa da ruwan zafi, ya baje sabuwar takarda, fuskarsa sai annuri.

"Ƙaramar Pang, zauna, na riga na tsara. Minti na sha bakwai, Yanni ta manta kuskure. Na sha takwas, ni in danna bisa rashin sani. Ke kuma ki firgita, amma ɗazu kin yi gaggawar kashe majigin, ki ƙirga uku tukuna. Hannun hagu kuwa a tashe su tare, akwai biyu da suka makara. Gobe bakwai na safe za mu fara gwaji."

Ta tsaya tana kallonsa, wayar a hannunta.

"Yarinyar fa, Malam Kuang?"

"Yauwa, gara da kika tuna min. Ki ja mata kunne ta riƙe amsar nan da kyau. Kada ta je gaban manya ta yi mana kuskure."