Dutsen da Uzairu Ya Ɗauko

Tun da kakar riɗi ta wuce, Abrehet mai sayar da gahawa a kasuwar Mafaza take jin ƙarar tarakta a inda babu tarakta. Ba kullum ba. Sai ta durƙusa addu'a, ta kai daidai inda Kirista ke roƙon Allah ya yafe masa kamar yadda shi ma ya yafe wa wasu, sai harshenta ya ƙage, rurin injin ya taso mata ta bayan ƙeya.

Gudun yaƙi ya kawo ta daga Habasha, ita da ɗanta Haftom. Yaƙin bai ci shi ba. Inuwa ya nema ƙarƙashin tirelar tarakta da tsakar rana a gonar riɗi, barci ya sace shi, Uzairu direba ya tayar da inji bai leƙa ba. Mutane suka ce ƙaddara. Mutane dai! Ƙaddara na da daɗin faɗi in ɗan wani ne. Ita kam ta tsani Uzairu, tsanar da take kwana da ita ta tashi da ita.

Wata azahar kasuwa ta yi tsit, ko akuya ba ta motsi. Sai ta hango mutum tafe a sunkuye, kamar ba shi da kai. Ta damƙe giciyen wuyanta. Da ya matso ta gane Uzairu ne, da wani baƙin dutse ɗore a ƙeyarsa. Wani leburan Habasha ya gaya masa al'adarsu: mai laifi ya ɗauko dutse ya durƙusa, ba ya sauke shi, sai wanda aka zalunta ya ɗauke masa da hannunsa.

"Ya hala," in ji Uzairu, wato inna a Larabcin garin, idonsa a ƙasa. "Wallahi ban gan shi ba. Ki yafe, ko ki yi abin da kika ga dama. Kalas, shi ke nan, na gaji."

Ta sa hannu biyu ta ɗaga dutsen. Rana ta gasa shi, yana ƙona tafinta. Ga ƙeyar mutumin a buɗe, gumi na bin ta. Nan take rurin injin ya cika mata kunne, bai taɓa kusantowa haka ba, har ƙasa ta ji tana rawa. Saki kawai za ta yi.

Ba ta ji tausayinsa ba ko kaɗan, gaskiyar ke nan. Yesu ta kira, ta ce ita ba za ta iya ba, ya riƙe mata hannu. Sannan ta ja addu'ar nan daga inda take tsayawa, kalma bayan kalma kamar mai jan guga, har ta kai ƙarshe.

Ta aje dutsen gefen murhu.

"Tashi, ɗana. Zauna ka sha gahawa."

Ta zuba masa. Sai ta kasa kunne. Shiru. Babu inji, babu komai, sai ƙuda a bakin kofi. Ashe ƙarar nan ce abu na ƙarshe da ya rage mata na Haftom, ga shi ta ba da ita. A lokacin ta fashe da kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza, Uzairu na riƙe da kofin ya kasa sha.