Maganin da Aka Zubar a Kwata

Maje ya yi zalunci, kuma da rana tsaka ya yi shi, a gaban jama'a. Kada wani ya ce rashin sani ne. Ya iya karatun boko, takardar asibitin ma tana hannunsa na hagu lokacin da ya tuttular da maganin da hannun dama.

Shi ne shugaban kwamitin yaƙi da shaye-shaye na wani lungu a Fagge. Kwamitin ba abin zargi ba ne. Kodin ya lalata samari da matan aure a unguwar, har dattawa suka kafa ƙa'ida cewa duk kwalbar da aka kama a zubar da ita nan take, domin a da idan aka ce a ajiye, washegari sai a gan ta a bakin wani.

Ranar Alhamis da hantsi Asama'u ta sauko daga adaidaita sahu a bakin lungun. Daga asibiti take, ta karɓo wa mijinta, Malam Sadisu tela, magani. Ciwon daji ya shiga ƙashinsa, likitoci sun sallame shi ya koma gida, abin da ya rage kawai a rage masa raɗaɗi. Ruwan mofin, wani maganin kashe zafi mai ƙarfi, ake ba shi duk bayan awa huɗu, kuma na gida ya ƙare da asubar nan. Shi ya sa ta rungume jakarta ƙam a ƙarƙashin hijabi, kuma wannan rungumar ce ta ja idon Maje da ke zaune a benci da mutanensa.

"Malama, ɗan dakata. Me ke cikin jakar?"

"Maganin maigidana ne, Malam Maje. Ai ka san shi. Kaftanin da ke jikinka ma shi ya ɗinka."

"Kowa ma haka yake cewa. Fito da shi."

Ta fito da kwalbar. Mai ruwan ƙasa ce, babu tambarin kamfani, sai 'yar takardar da aka manna aka yi rubutu da biro. Maje ya ɗaga ta sama. Masu shaguna suka fara matsowa, wayoyi suka tashi.

"Kodin ne," in ji wani daga baya. "An dai sauya masa riga."

Asama'u ta miƙa takardar likita. Maje ya karanta ta tun daga sama har ƙasa, ya ga sunan Sadisu, ya ga hatimi.

"Takarda?" ya ce da ƙarfi don a ji. "A kasuwa ana buga wadda ta fi wannan kyau."

"To ga gidan can, mai koren ƙyaure. Ka zo ka gan shi da idonka. Idan ƙarya nake, ka yi mini abin da ka ga dama."

Maje ya dubi gidan, ya dubi wayoyin da ke kallonsa. Wata biyu ke nan kwamitinsa bai kama ko kwalba ɗaya ba, har an fara cewa shan shayi kawai suke yi a bencin.

"Ƙa'ida ba ta san ɗan gida ba," ya ce. Ya buɗe murfin ya juye a kwata. Wasu suka tafa.

Asama'u ba ta shiga gida ba. Yayar mijinta na tare da shi, kuma ba ta san da bakin da za ta faɗa masa ba. Ta tsugunna ta ɗauki kwalbar da takardar, ta sake tare adaidaita sahu.

Mai ba da magani a sashen masu ciwon daji wata mata ce 'yar Zariya, Salomi. Ta saurare ta har ƙarshe, ta cire tabarau ta ajiye.

"Asama'u, na yarda da ke. Wata bakwai kina zuwa nan, ko sau ɗaya ba ki taɓa zuwa kafin lokaci ba. Amma kabad ɗin nan makulli biyu gare shi, ɗaya ne a hannuna. Da safen nan na rubuta na sati biyu da sunan mijinki. In na sake ba ki yau, a idon hukuma ni ce dillaliyar ƙwaya."

"To yaya zan yi, Anti?"

"Takardar 'yan sanda mai shaida cewa an zubar. Sai likitansa ya sake rubutawa, sai shugaban sashe ya sa hannu."

"Likitan yana nan?"

"Sai Litinin."

"Awa huɗu ake ba shi, Anti. Ba kwana huɗu ba."

Salomi ta mayar da tabaraunta. Ta zuba mata wasu ƙwayoyin rage zafi a leda, ta miƙo ta taga ba tare da ta ɗago ido ba. Su biyun sun san ruwan cokali ba ya kashe gobara.

Daga nan Asama'u ta wuce Sabon Gari, shagon Chukwuma, inda ta saba sayen auduga da safar hannu.

"Hajiya, shekarata ashirin a sana'ar nan, ban taɓa ajiye mofin ba," ya ce da Hausarsa ta 'yan kasuwa. "Wanda ya ajiye shi ba izini, gidan yari zai tsufa. Kuma ki ji, in kin fita dillalan ƙwaya za su tare ki a bayan layi. Kada ki saya. Rabinsa alli ne, rabin kuma Allah kaɗai ya san mene ne."

Haka kuwa aka yi. Ba ta yi nisa ba wani ya raɗa mata, "Hajiya, akwai ja, akwai kore." Abin da muka zama ke nan. Mai neman maye yana samu a tsaye, ba a tambayarsa ko sunansa. Mai jinyar ajali sai ya tara sa hannu uku. Ta tsaya, ta daɗe tana kallon mutumin, sannan ta wuce.

Da la'asar ta iso gida. Tun daga zaure ta ji shi. Malam Sadisu mutum ne da ko yaran shagonsa ba su taɓa jin ya ɗaga murya ba. Yanzu ga shi ya ciji matashi, zufa ta jiƙe zanin gado, yayarsa tsohuwa tana ta fama kada ya faɗo ƙasa.

"Asama'u, kin dawo," ya ce da ƙyar. "Ba ni."

Ta faɗa masa. Ya rufe ido.

"Maje? Ai har yanzu akwai awonsa a littafina."

Abin ya sake taso masa.

Ta fita ta nufi ƙofar mai unguwa, Malam Abdulgani, ta durƙusa ta ajiye kwalbar a kan tabarmarsa. Aka aika aka kira Maje.

"Ranka ya daɗe, in na bar ta ta wuce, gobe kowace mace za ta zo mana da takarda."

"Ba wannan nake son ji ba. Ka karanta takardar?"

"Na karanta."

"Ta ce ka je ka ga mara lafiyan?"

Maje ya sunkuyar da kai. "Zan biya ko nawa ne."

"Da ana sayarwa da ba ta zo nan ba." Mai unguwa ya juya wajen Asama'u. "Baiwar Allah, me kike so a yi miki?"

"Baba, idan ciwon ya taso, ni da yayarsa ba ma iya riƙe shi. Yau sau biyu yana faɗowa daga gado. Ina son namiji mai ƙarfi da zai danne shi."

Mai unguwa ya dubi Maje. Ya ce, "To ka ji aikinka."

A ranar aka cire Maje daga shugabancin kwamiti. Kwana biyar ya yi a ɗakin, yana danne kafaɗun Malam Sadisu, kukan yana shiga kunnensa. Takardu suka kammala ranar Laraba. Malam Sadisu ya rasu ranar Talata da azahar, a hannun Maje.