Bargon Iya da Murjanin Abbas

Da Abbas zai tafi kwas na wata huɗu a Zariya, ya bar wa matarsa Fadila amanar akwatin gilashin da ke falo. Ruwan gishiri ne a ciki, da kifi biyu, da reshe uku na murjani mai rai, waɗanda ya taho da su daga Legas lokacin da yake aiki a tashar jiragen ruwa. A Daura babu wani mai irinsa. Ya rubuta mata komai a takarda, kuma tana bi sawu da ƙafa.

Duk da haka, a mako na biyar murjanin ya fara koɗewa. Launinsa na ƙasa-ƙasa ya koma fari kamar alli. Sai ta aika wa Malam Sada, maƙwabcinsu, wanda ya shekara talatin yana koyar da kimiyyar halittu kafin ya yi ritaya.

Malam ya zo da hantsi. Ya auna gishirin, daidai yake. Ya duba fitilar da ƙaramar fankar da ke hura saman ruwan, duka suna aiki da sola. Ya bayyana mata cewa wasu ƙananan tsirrai ne ke zaune a naman murjani, su ke ba shi launi da abinci, idan zafi ya yi yawa sai ya kore su. Amma ma'aunin zafi bai nuna komai ba. Ya ce zai dawo kafin la'asar.

Da ya dawo, ya tarar da bargo lulluɓe da akwatin, har da fankar. Ya ɗaga, ruwan ya yi ɗumi kamar na wankan jariri. Fadila ta sunkuyar da kai. A hankali ta ce surukarta, Iya, wadda ta zo daga Baure taya ta zama, ita ke rufawa kullum da azahar, ba ta buɗewa sai ta idar da la'asar. Ta daɗe tana zargin bargon ne ke cutar da murjanin, amma ba bakinta ba ne zai hana.

Malam ya gaida Iya, ya tambayi mutanen Baure da batun damina, sannan ya zo kan bargon.

"Malam, abin a gabas yake," in ji Iya. "Ina ta da kabbara kifayen nan sai kai da kawowa suke a gabana. Ranar nan raka'a biyar na yi."

"Kina da gaskiya, Iya. Amma da wannan zafin, ko ke aka lulluɓa wa bargo ai sai kin yi fari."

Iya ta yi dariya ta ce ita ai ta ɗauka murjanin dutse ne. Da ta ji abin yana da rai, ta ce Allah ya yafe mata.

Malam ya kafa ƙusa biyu, ya ɗaura igiya taku uku daga akwatin, aka rataya zane a kai don ya kare wa Iya kifayen in tana salla.

Abbas ya dawo ya tarar da reshe biyu sun soma mayar da launi daga gindi. Na ukun gansakuka ta rufe shi, ya mutu. Fadila ta buɗe baki za ta yi bayani, Iya ta riga ta.

"Wancan ni na kashe shi. Biyun nan kuwa, matarka za ka gode wa."