L ba Lome ba ce

Shekara talatin da ɗaya Baba Yahuza yana walda a Zongon Wagadugu, ba a taɓa dawo masa da aiki ba sai ranar da Hajiya Salamata ta biyo tankinta a bayan amalanken jaki. Ita ce shugabar matan da ke haɗa sabulun ruwa a unguwar Wemtenga. Wata takwas kacal da ya ƙera musu shi da inoks, ƙarfen nan da ba ya tsatsa, ga shi yana yoyo kamar tsohon bokiti.

"Baba, ba faɗa na zo yi ba," in ji ta. "Amma mata na cewa idonka ya tafi."

Maganar ta zauna masa a ƙirji, don abin da yake tsoro ke nan. Kwana uku bai kunna inji ba. In dai ido ne ya gaza, to sai rufe rumfa, ya koma bencin ƙofar masallaci wurin tsofaffi. Ya gaji, wallahi, amma ba irin gajiyar da zama ke magani ba.

Ran Juma'a 'yarsa Nazifa ta zo, wadda ke aiki a masana'antar lemo. Ta tsuguna gaban tankin, ta bi ɗinkin waldar da yatsa.

"Baba, waldarka lafiya lau take. Ƙarfen da ke gefenta ne ya cinye." Ta goge hatimin da ke jikin farantin ƙarfen. "316 kawai aka rubuta. Ina L ɗin?"

"Mai L ai na Lome ne. Mannir direba ya ce zai daɗe bai iso ba, na ce ya kawo na Abidjan. Teku ai ɗaya ce."

Ba ta yi dariya ba, ko da yake ya ga ta danne ta.

"L ba Lome ba ce, Baba. Nufinta karbon ɗin cikinsa kaɗan ne. Wanda ba shi da ita, in wutar walda ta gasa shi, gefen sai ya yi rauni. Ƙofa ko tebur ba komai. Amma asid da gishirin sabulu, su ba su yafewa. Shi ya sa masu jirgin ruwa ke neman mai L ɗin."

Ashe idon yana nan. Daɗi ya fara zuwa masa, kunya ta tare hanya. Tun yana saurayi ya ji ana cewa L Lome ce, shi ma ya yi ta faɗa da bakin gwani, ba wanda ya taɓa musa masa.

Da la'asar ya hau tsohon babur ɗinsa har Wemtenga, ya faɗa wa Hajiya gaskiya: laifinsa ne, zai sake mata wani.

"Ayya Baba, ka makara. Na ba Muhammad Bashir na unguwar Tampouy aikin. Jiya ma ƙarfensa ya iso daga Abidjan. Ya ce duk ɗaya ne, haka maigidansa ya koya masa."

Maigidan nan shi ne, Baba Yahuza. Ya tsaya riƙe da babur yana tuno su ɗaya bayan ɗaya: mutum goma sha ɗaya ya yaye, kowa da rumfarsa a Wagadugu, kowa da nasa yaran. Gwiwoyinsa na ciwo, rana ta yi sanyi.

"Hajiya," ya ce, "ta ina ne hanyar Tampouy ta fi kusa daga nan?"