Wanda Ya Fara Kawo Shayin Gwangwani

Malam Salihu mai kanti a unguwar Belleville shi ne ya fara kawo shayin gwangwani cikin taron 'yan Damagaram mazauna Faransa, a ƙaramar Sallar shekarar 2024. Ni na yanke wannan hukunci a matsayina na shugaban ƙungiya, kuma zan bayyana yadda aka kai gare shi, domin na ji yara suna ba da labarin ba bisa tsari ba.

Ƙungiyarmu tana da al'ada tun kafuwarta. Duk wanda ya fara kawo wani sabon abu cikin taron Sallah, shi ke zama a kujerar dama da shugaba har shekara ta zagayo, kuma shi ke zuba shayin farko. Alhaji Kaka ya zauna a kanta saboda tukunyar shinkafa mai lantarki. Marigayi Zailani ya zauna saboda wayar da ake shafawa da yatsa. Malam Salihu kuwa, tun zuwansa ƙasar nan yake neman kujerar, bai taɓa samu ba, domin a mafi yawan shekaru wani daga Lyon ne ke riga shi. Wannan wani shi ne Malam Illiassou na Rillieux-la-Pape, abokin wasansa, wanda ke kiransa "mai zuwa bayan an share wuri".

A waccan Sallar muka taru a zauren da muke haya a La Courneuve. Malam Salihu ya shigo da kwali a kafaɗa, ya dire shi gabana, ya fito da gwangwani mai zanen ganyen shayi da mangwaro. Ya ce daga hayin teku aka kawo shi, bai ma gama shiga kasuwar Faransa ba, wakilin kamfanin ne ya bar masa don gwaji. Bai rufe baki ba sai motar mutanen Lyon ta iso. Malam Illiassou ya shigo da irin kwalin, sai dai nasa mai lemo ne. A tashar jirgin ƙasa ta Lyon, in ji shi, wasu 'yan mata masu riguna iri ɗaya suka raba.

Tun da rigima ta tashi, na hana a buɗe ko gwangwani ɗaya. Haka aka yi a shekarar da mutum biyu suka kawo dabinon Aljeriya: abin da ake shari'a a kansa ba a taɓa shi sai an gama.

"Baba shugaba," in ji Malam Salihu, "nawa yana kanti tun kafin azumi. Ɓoye shi na yi a bayan buhunan gero don wannan ranar."

"To ai ɓoyewa ba farawa ba ce," in ji Malam Illiassou. "Ka ɗanɗana?"

"Ban ɗanɗana ba."

"Ni na sha. Da shi nake shan ruwa a goman ƙarshe. Sanyi gare shi a maƙogwaro, sa'an nan ɗumi a ƙirji. In ka sha biyu, duk gajiyar yini sai ta tafi, har maƙwabcina da ba ma ga-maciji na gaishe shi. Kai kuwa gadin kwali ka yi."

Mutanen Lyon suka yi ta gyaɗa kai. Na lura hujjarsa tana da ƙarfi, domin Alhaji Kaka sai da ya dafa shinkafa a tukunyarsa kafin a zaunar da shi. Amma ita ma ta Malam Salihu tana da madogara, domin marigayi Zailani har ya sauka daga kujerar bai iya kunna wayarsa ba. Saboda haka na nemi shaida a kan wanda ya riga samun kayan.

Malam Salihu ya ciro waya ya kira wakilin kamfanin, ya buɗe murya don kowa ya ji. Bafaranshen mutum ne mai fara'a. Ya tabbatar cewa kantin Belleville yana cikin na farkon da ya kai wa kayan, tun ba a fara rabawa a Lyon ba. Malam Salihu ya ɗaga wayar sama yana juyawa da ita zuwa ɓangaren mutanen Lyon. Sai mutumin ya ƙara da cewa yana fata Malam ya riga ya nemi lasisin sayar da barasa, domin abin, ko da yake ɗanɗanonsa na shayi ne, ƙarfinsa ɗaya da giya.

Malam Salihu ya yi masa godiya cikin ladabi, ya kashe wayar, ya matsa daga kwalin.

Malam Illiassou ne ya fara magana. "Gaskiya ta fito, ɗan'uwa. Ka riga ni. Allah ya sanya alheri."

"A'a, a'a. Kai da bakinka ka ce ɓoyewa ba farawa ba ce. Wanda ya sha shi ya fara."

"Wa ya sha?"

"Kai. Biyu-biyu. Har da gaida maƙwabci."

"Wannan ai zance ne na shari'a. Kowa ya san a shari'a ana ƙara gishiri."

Na ce masa ya tsaya a kan magana ɗaya, domin taro ba ya karɓar shaida biyu daga baki ɗaya: ko dai ya sha, ko kuma ya yi wa dattawa ƙarya ranar Sallah. Ya dubi matarsa, Hajiya Batula, wadda ke ɓangaren mata. Ita kuwa ta duƙufa a kan gyaran ɗankwalinta. Ya daɗe yana auna abubuwan biyu, sa'an nan ya ce ƙarya ya yi. Aka karɓa ba tare da an ƙirga gwangwanayen kwalinsa ba, wanda hakan rangwame ne daga gare ni.

Saura Malam Salihu, wanda yanzu yake roƙon a yafe masa kujerar. Na tuna masa cewa ba a taɓa ƙin ta ba. Malam Adam ya kawo na'urar ɗumama ɗaki wadda ta kashe wutar bene gaba ɗaya, kuma ya zauna a kujerar, cikin duhu. Al'ada ba ta ce abin ya zama mai amfani ba. Cewa ta yi ya zama sabo. Aka kama hannunsa aka zaunar da shi a damana, aka miƙa masa buta.

Ga abin da aka tashi da shi. Malam Salihu ya sami kujerar shekara guda da zuba shayin farko, ko da yake har yau ba mai karɓar kofi daga hannunsa sai ya shinshina. Ya kuma tsira da bakinsa, tun da bai kurɓa ba. Malam Illiassou ya rasa kujera, ya rasa a yarda da shaidarsa, amma ya riƙe sahunsa na gaba a masallacin unguwarsu, kuma an ce shi da maƙwabcin nan suna gaisawa. Kamfanin ya karɓi kwalayensa biyu, ɗaya a cike, ɗaya ba a tambaya ba. Ƙungiya kuwa ta riƙe al'adarta yadda ta gada, da ƙarin sharaɗi guda: sabon abu in na sha ne, mai kawo shi ya zo da tabaransa na karanta ƙananan rubutu.